Mu Auna Kafin Mu Saya

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1979 ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda Allah Ya ja da ransu har suka ga wannan rana, yayyenmu da ƙannenmu tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya kuwa, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan kimiyya da fasahar zamani, sai da na yi dariya ni kaɗai, domin 'yan ajinmu sun san ko ni wane ne a darasin Fiziks. Ni ne mai zama can baya kusa da taga, ina lissafin minti nawa ya rage a kaɗa ƙararrawar gabza. Saboda haka kada ku sa ran jin lacca. Hira zan yi da ku irin ta mutumin da yakan shiga kasuwa da 'yan kuɗin fanshonsa, wata rana ya dawo da murna, wata rana da cizon yatsa.

Da farko dai, ni ba na cikin tsofaffin da ke zagin zamani. Mu da muka yi karatun dare da fitilar ƙwai, muka jira amsar wasiƙa daga gida har mako uku, mun san abin da aka sauƙaƙa mana. Kafin shekarar 2001, layukan tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na wannan shekara wayar salula ta fara aiki, ana biyan naira 50 a kan kowane minti ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe, sai a 2003 da Glo ya shigo aka fara lissafi da sakan. Yau ga shi mai shayi da mai facin taya kowa da tasa a aljihu. Haka kuma ƙwan lantarki. Na da mai wat 60 yawancin wutar da yake sha zafi take zama, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya jima a kunne. Na yanzu da ake kira LED yana ba da haske kamar wancan da wat 9 kacal. Wasu masana uku haifaffun Jafan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda za a samar da shuɗin haske irin na LED, wanda ya buɗe hanyar farin, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Wannan duk alheri ne, mu gode wa Allah.

To amma kowane alheri ya shigo kasuwa, jabunsa na biye da shi a baya. A nan ne zan tona wa kaina asiri.

A 2022 na gaji da duhu da kuɗin man janareta, na yanke shawarar sa sola a gida. Na shiga kasuwa na ga batir an rubuta masa 200Ah da manyan baƙaƙe, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna. Mai shagon ya yi rantsuwa, ya kira ni Baba Alhaji, ya ce don furfurata ya rage mini. Na biya, ko rasit ban karɓa ba. Daren farko muka kunna fanka biyu da ƙwai biyar, muka sa wayoyi a caji. Ko awa biyu ba a yi ba inbata ta fara kuka, gida ya koma duhu, uwargida ta tashi ta kunna tocila ba ta ce mini komai ba. Wannan shirun ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi.

Ina kwance cikin zufa sai na tuna da malaminmu na Fiziks, ga shi nan zaune a sahun gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya. Kun tuna yadda in ka rubuta amsa ba ka sa ma'auninta ba yakan zabga maka sifili, ya tambaye ka ko biyar ɗin da ka rubuta awaki biyar ne ko bolt biyar. Na tashi na ɗauki biro. Bolt 12 sau 200 ya ba da 2,400, wato wat ɗin da batirin zai iya bayarwa na awa ɗaya. Irin wannan batir na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan. Kayan da na kunna ba su kai wat 200 ba. Ashe ya kamata in samu kusan awa shida, ko a ce biyar in an cire abin da inbata ke ci. Da gari ya waye na sa yara suka kai shi wajen mai sayar da hatsi aka ɗora a sikeli. Batirin dalma mai wannan girma na gaskiya yakan yi wajen kilo 60, domin dalma ce ke riƙe wutar, ita kuwa nauyi gare ta. Nawa kilo 31 ya yi. Da na koma shagon, mutumin da ya kira ni Baba jiya ya ce bai taɓa ganina ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Malam, ranka ya daɗe, sifilin da ka ba ni a Fom Uku yau na amsa cewa na cancance shi.

Ni kuɗi na rasa, kuɗi kuwa ana sake samu. Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen magani. A 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan an ba su maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sa wa a man birki. Yana da ɗan zaƙi, ba ya da launi, amma ƙoda yake lalatawa. Wannan na cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka, a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wannan guba ta sake kashe yara 84 ta hanyar wani maganin fitar haƙori, a 2022 kuma ta kashe yara kimanin 70 a Gambiya ta hanyar maganin tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu tasowa, ɗaya cikin kowane goma na magunguna jabu ne ko kuma bai kai inganci ba. Jama'a, yawancinmu nan kakanni ne, mu ake aika wa a ce jika ba shi da lafiya. Don Allah mu daina sayen magani a faranti a tasha, inda rana ta gasa shi tun safe. Mu je kantin magani mai rajista, mu duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai daina aiki. Tun 2010 ake sa wa wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, wani ɗan wuri da ake kankarewa a tura lambar ta waya a sami amsa ko na gaskiya ne. Aikin minti ɗaya ne.

Har ila yau, ita kanta wayar da muke yabo ta zama kasuwar jabun labari. Ku tuna watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu da asuba, wasu suka kwana a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu, musamman masu hawan jini. Ba zan tambayi wa ya yi wanka a cikinmu ba, don na ga wasu sun fara sunkuyar da kai. Abin da ya tsayar da cutar shi ne bin sawun duk wanda ya taɓa mai ita da killace shi, har aka bayyana Nijeriya ta rabu da ita ranar 20 ga Oktoba, 2014. Haka nan masu bugo waya su ce daga banki suke, su nemi lambar BVN ko lambar sirri da aka turo maka yanzu. Banki ba ya tambayar lambar sirrinka ta waya. Ka kashe, ka taka da ƙafarka ka je reshe. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Abin da na fahimta a duk wannan shi ne, kimiyyar da aka koya mana a nan ba don jarrabawa kaɗai ba ce. Ɗabi'a aka so a dasa mana, ta tambayar nawa ne, da me aka auna, wa ya gwada. Wanda ya riƙe wannan, ko bai san sunan sinadari ɗaya ba, da wuya a cuce shi. Ni na sake ta, na kuwa biya kuɗin tara.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da na zo da shi. Jiya da yamma na leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu. Teburan nan da muka sassaƙa sunayenmu a jiki suna nan, amma famfunan ba ruwa, sikelin ya karye, na'urar auna wuta guda ɗaya ce ta rage mai aiki, ita ma ina kyautata zaton mun gaisa da ita a 1977. Malamin da ke kula da ɗakin ya nuna mini yadda yake zana gwaji a allo, yara su kwafa su haddace. Yaron da bai taɓa auna komai da hannunsa ba, gobe shi za a sayar wa batir irin nawa, shi kuma zai ba ɗansa maganin tasha.

Don haka ina ba da shawara, ya shugaba, kowane aji ya ɗauki abu ɗaya. Wani ya gyara ruwa, wani ya sayi sikeli da na'urorin awo, wani ya ɗauki sinadarai da kwalabe. A naɗa kwamiti na mutum uku, da malamin kimiyya na yanzu a ciki, su sayo da rasit, su auna kafin su biya, su kawo mana bayani a taro mai zuwa. Mu 'yan ajin 1979 mun yi shawara a daren jiya, mun ɗauki nauyin sa wa ɗakin sola. Abokaina sun sa sharaɗi ɗaya, wai kada a bar ni in je sayen batir ni kaɗai, na kuma amince.

Iyayenmu malamai, ba mu da abin da za mu biya ku, sai addu'a. Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci zuriyarku, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.