Nazarin Ilimin Halittu a Jami'a: Misalin Wuta-wuta



Sau da yawa ɗalibi yakan shigo sashen ilimin halittu da zaton aikinsa haddar sunayen tsirrai da dabbobi ne cikin Latin. Haddar tana da amfaninta, amma ainihin fannin shi ne bin diddigin dalili, watau me ya sa abu mai rai yake yin abin da yake yi. Ciyawar nan wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ta isa misali.

Kowane manomin gero da dawa ya san ta, ya kuma san ta fi yin ɓarna a gonar da ta gaji. Abin da ido ba ya nuna masa shi ne kafin furenta ya bayyana ta riga ta yi makonni a ƙarƙashin ƙasa, manne da saiwar hatsi tana tsotson ruwa da abinci. Irinta ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura, tushe guda yakan zubar da dubbai, kuma sukan yi shekaru a ƙasa ba su mutu ba. Daɗa ba sa tsirowa don ruwan sama kaɗai, sai sun ji wani sinadari da saiwar tsiro ke fitarwa.

A shekarar 1966 masana a Amurka suka ware wannan sinadari daga saiwar auduga. To, auduga tana ta da irin, amma wuta-wutar hatsi ba ta iya kama ta, saboda haka abin da ya tsiro sai ya mutu da yunwa. Nan ne hikimar karɓa-karɓar shuka take, a bi dawa da auduga ko waken soya.

Sauran tambaya guda: don me tsiro zai riƙa kiran maƙiyinsa? Amsa ba ta samu ba sai a 2005, sa'ad da masu bincike a Japan suka nuna cewa da sinadarin yake kiran wata funfuna ta cikin ƙasa, mai taimakon saiwa jawo fosfaras, abin da ke cikin takin sufa. In ƙasa ta rasa fosfaras, saiwa takan ƙara fitar da shi, wuta-wuta kuwa sai ta ji kiran da ba nata ba. Ashe abin da manomi ya daɗe da lura da shi gaskiya ne, dalilin ne ya ɓuya kusan shekara 40 bayan gano sinadarin.

Ma'aikacin da ke rabon kuɗin ilimi ya kamata ya lura cewa irin wannan sani ba ya fitowa daga allo. Yana bukatar madubin ƙara girma, da ɗakin gwaji mai ruwa da lantarki, da motar kai ɗalibai gonakin gwaji irin na Samaru a tsakiyar damina, su tono tushen dawa da hannunsu su wanke saiwar su duba.