Jawabi a Wajen Naɗin Sarkin Rafi a Bakin Gulbin Maraɗi

 

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Masu gari na gabas da na yamma, Arɗo da jama'arsa, Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, wakilan hukuma, iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka ƙetaro daga Jibiya da Katsina, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci, assalamu alaikum.

An ɗora mini in yi magana kan gulbin da aka naɗa wannan rawani dominsa. Ƙanena Sarkin Rafi, Allah ya taya ka riƙo. Da kai zan yi yawancin maganar, jama'a su zama shaidu.

Gulbin nan ba a ƙasarmu yake tasowa ba. Daga tuddan jihar Katsina yake fitowa, a can ana kiransa kogin Gada, ya ratsa Jibiya, ya shigo Nijar ta ƙasar Madarunfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji. Bayan ya yi tafiyar da ta haura kilomita 100 a cikin ƙasarmu sai ya karkata ya koma Najeriya ta wajen Sabon Birni, ya zuba a gulbin Rima. Ruwan da yaranmu ke wanka a ciki da damina, in Allah ya nufe shi da tsawon tafiya, sai ya wuce Sakkwato da Argungu kafin ya shiga Kwara. Turawan Ingila da na Faransa da suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20 sun yanke shi gida uku, kai da wutsiya a wancan ɓangare, tsakiya a wurinmu.

Baƙon da ya zo da rani zai tambaya ina gulbin yake, don rairayi kawai zai gani da sawun shanu. Ruwa yana gudu ne daga wajen Yuni ko Yuli zuwa Oktoba. Amma kowane mai lambu a nan ya san ruwan bai tafi duka ba. Idan gulbi ya cika ya tumbatsa ya malale cikin fadama, abu biyu yake yi: yana shimfiɗa sabuwar laka a gonaki, yana kuma nutsewa ƙasa ya kwanta cikin rairayi da tsakuwa. Wannan ruwan na ƙarƙashi shi rijiyoyin lambu ke sha har bazara. Da shi iyayenmu suka noma taba da alkama da rogo da rake suna ja da jigo, da shi muke noma albasa da tumatir da tattasai da zogale a yau. Sarkin Rafi, ka riƙe wannan da kyau: sarautarka ta fi shafar ruwan da ba a gani fiye da wanda ake gani. Mai gudu a sama na wata huɗu ne, kuma akwai Sarkin Ruwa da masuntansa. Na ƙasa shi ke ciyar da mu sauran wata takwas, kuma har yau babu wanda aka ɗora wa tsaronsa.

Bari in koma baya kaɗan, ba don tada tsohon miki ba. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu a wajajen 1807, zuriyar sarakunan da suka fita sun yi ta yawo har Damagaram. A wajajen 1819 ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya zauna a Maraɗi. Me ya sa nan? Kwarin gulbi a lokacin kurmi ne mai duhu, doki ba ya sukuwa a cikinsa, ga ruwa kusa, ga ƙasar noma. Wanda ya rasa birni mai ganuwa ya samu dajin da ya maye masa gurbinta. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama, Gobirawa ma bakin wannan gulbi suka nufo suka kafa Tsibiri. Sarautu biyu manya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai rabin yini ba a ƙafa, duk a kan ruwa ɗaya. Daga Maraɗi ne Sarki Ɗan Baskore ya riƙa fita da rundunarsa har ƙofar Katsina. Jikokin waɗanda suka gwabza a wancan zamani ga su nan yau a tabarma ɗaya, sun haɗa jini ta aure, kuma alhamdu lillahi da haka.

Gulbin da ya ba da mafaka shi ne kuma ya tashi garin. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, hukumar Faransa ta mayar da mutane kan tudu, inda birnin yake yanzu da titunansa miƙaƙƙu. Wanda ya ce wannan tsohon labari ne, ya tuna Yulin 2018, daren da ruwa ya afka wa Jibiya ya kashe mutum fiye da 40, har aka tsinci gawarwakin wasu a nan ƙasar Madarunfa. Allah ya jiƙansu. Matasan da ke yanka filin gida a cikin hanyar ruwa don sun ga shekara biyar bai zo ba, Sarkin Rafi, ka riƙa kai su gaban dattawa.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta gina madatsar ruwa a Jibiya, mai ɗaukar kubik mita kimanin miliyan 140, don noman rani da ruwan sha. Tun daga nan cikar gulbi ta canza. Ruwan farko da kan iso mana da ƙarfinsa sai ya tsaya cika madatsa tukuna, malalar da ke shayar da fadama ta ragu. Hukumomin ƙasashen biyu sun san da matsalar. A Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, kuma sunan Gada da Gulbin Maraɗi yana ciki, tare da Maggiya da Tagwai da Komadugu Yobe. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ita aka ba kula da ita. Takarda tana nan. Abin da manomi ke so shi ne a ce masa ranar kaza za a saki ruwa, gwargwado kaza, ya san abin da zai shuka, ya kuma janye injinsa daga bakin gaɓa.

Sai dai ba zan tsaya a gaban baƙinmu na Jibiya in ɗora musu laifin duka ba, don ba gaskiya ba ne. Su ma manoma ne, su ma ƙishi ya kai su ga tare ruwa. Farin 1973 da na 1984 ba madatsa ta kawo su ba. Kurmin da ya ɓoye Ɗan Kasawa, gatarinmu ne ya cinye shi, sai abin da ya rage a Baban Rafi, shi ma yau 'yan bindiga sun hana mutane sakewa a cikinsa. Da itace ya tafi, ruwan sama ya daina tsayawa a jigawa, ya riƙa kwaso rairayi yana zubawa a gulbi da tafkin Madarunfa. Tafkin nan da ake ziyartar kaburburan waliyyai 99 a gewayensa, wanda Nijar ta miƙa sunansa ga UNESCO tun 2006, masunta za su gaya muku cikinsa yana cikowa. Ga motocin ɗibar yashi da ke ƙwaƙule cikin gulbi: duk lokacin da aka zurfafa hanyar ruwa, sai ya wuce a guje bai hau fadama ba, gaɓa kuma ta riƙa zubewa da gonar mutum. Ga injinan ban ruwa. Mai jigo hannunsa kan gaji ya tsaya, inji kuwa sai mai ya ƙare. Ban ce a koma jigo ba, ni ma ba zan iya ba. Filin noman rani na Jiratawa da aka buɗe a farkon shekarun 1980, hekta wajen 500, da famfo yake sha, kuma zogalensa har Yamai ake kai shi. Amma tulu ɗaya muke ɗiba duka, kuma ba mai leƙa cikinsa.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne mutanen wannan jiha sun taɓa gyara ɓarna da hannunsu. Sassaben zamani a nan ƙasar Maraɗi ya fara yaɗuwa bayan farin 1984: manomi ya bar tohon kututture ya girma maimakon ya sare, har gawo da kalgo suka dawo gonakin da suka zama fili. Yau daga wasu ƙasashe ake zuwa koyo. Wanda ya iya wannan a jigawa zai iya shi a bakin gaɓa.

Saura maganar mashaya. Arɗo yana zaune, ya san abin da zan faɗa. Lambu yana ƙaruwa, shinge yana matsowa, hanyar da shanu ke bi su sauka gulbi tana tsukewa. Mun ga abin da irin wannan ya haifar tsakanin manoma da makiyaya a Toda a 1991, rayuka sama da 100 a rana guda, kuma ba ma fatan Allah ya maimaita. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, ta kuma kare burtali da mashaya. Doka ba ta aiki sai da mutumin da kowa ya yarda da shi a tsakiya, shi ya sa Sarki ya zaɓe ka.

Don haka, da izinin Sarki, ga roƙon jama'a gare ka. Kafin ruwan fari ya sauka, ka tara masu lambu da Arɗo da Sarkin Ruwa ku taka bakin gulbi da ƙafa, daga iyakarmu ta gabas zuwa ta yamma, a kafa alama a kowace mashaya, a kuma nuna wa masu ɗibar yashi inda za su ɗiba da inda ba za su taɓa ba. Ka zaɓi rijiyoyi uku ko huɗu, ka sa yaran lakwal su riƙa zura igiya suna auna zurfin ruwa kowane farkon wata suna rubutawa, don ranar da za mu je gaban hukuma mu je da lissafi a hannu. Sannan ka shirya ka kai ziyara ga takwarorinka na Jibiya, zuwa da kai ya fi saƙo. Ga wasunsu nan zaune, ku fara gaisawa tun yau kafin su kama hanya.

 Sarkin Rafi, Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta na gari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a iyakarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Malam Liman, a yi mana addu'a.