Awon Sanin Iyaye Game da Ciwon Fuka na Yara

Ku hakimai, da ku malamai magatakarda na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Maganarmu ta yau a kan ciwon fuka ce, wanda likitoci su ke kira asma, da yadda za a auna abin da iyaye suka sani game da shi. Ciwo ne mai ƙuntata hanyoyin iska na cikin huhu, har a ji ƙirjin yaro yana fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da shi, ya kuma kashe 455,000.

Fuka ta fi tashi cikin dare ko da asuba. Ku kuwa kun fi kowa sanin abin da tafiyar dare ta zama a ƙasashenku tun da ɓarayin daji suka matsa musu. Uwar da ke ƙauye ba ta da halin kai ɗanta asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa sai gari ya waye. Kafin nan ba shi da likita sai ita. Don haka lalle ne a san iyakar saninta.

To, amma awon yana da wuya. In malami ya ce wa mace, "Kin gane?" ba abin da za ta ce sai "Na gane," sabo da kunya. In kuwa a zaure aka tsaya, maigida ne zai amsa, alhali ba shi ke kwana da yaron ba. Sai a nemi ma'aikaciyar lafiya mace ta shiga cikin gida. Kada kuma a auna da iya karatu. Akwai wadda ba ta san baƙi ba, na boko ko na ajami, amma ta lura da cewa hazon hunturu, da hayaƙin murhu, da na maganin sauro, da ƙurar sussuka, su ke tayar wa ɗanta ciwo. Wannan ta san abin da ake nema.

Hanyar da ta fi ita ce a ce ta nuna. A miƙa mata maganin shaƙa, watau Salbutamol, a ga ko za ta girgiza shi, ta fesa sau ɗaya, ta bar yaro ya ja numfashi kamar sau biyar kafin ta sake. Ƙaramin yaro ba ya iya shaƙarsa kai tsaye, sai ta cikin wani bututu. Inda babu shi, likitocin birnin Kef, a Afirka ta Kudu, sun gwada a 1999 cewa gorar roba mai rabin lita, in an huda gindinta an sa maganin, tana yin aikin. A tambaye ta kuma ko ta bambanta maganin da ke kwantar da ciwo nan take da na rigakafi, wanda ake shaƙa kullum ko yaro na lafiya.

Sa'an nan a ji ko ta rarrabe fuka da tarin fuka. Sunan ya yi kama, har akan ware wa yaro kwano a banza. Tarin fuka ake ɗauka. Fuka ba a ɗaukarta. Daga ƙarshe ta faɗi alamun haɗari: yaro ya kasa magana ko shan nono, tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, leɓensa ya sake launi. Nan ba sauran jira.

Ku malamai, kowace tambaya ku rubuta ɗayan uku: ta iya, ta iya da gyara, ko ba ta iya ba. Wadda ta kuskure a koya mata nan take. Hakimai kuma su gaya wa dagatai da masu unguwa cewa wannan ba ƙidayar haraji ba ce, kada a ɓoye yara. A fara kafin hunturu ya shigo.