Suna Linzami Ne: Jawabi Kan Raɗa wa Sabuwar Sana'a Suna



An ɗora mini nauyin yin tsokaci a kan abin da matasanmu da yawa suke ɗauka ƙarami, wato sunan da mutum zai raɗa wa shagonsa ko kamfaninsa. Bahaushe ya ce suna linzami ne. Idan jariri ba ya samun suna sai an kwana bakwai ana shawara, bai dace a bar wa mai rubuta allon shago ya zaɓa wa dukiyarka suna ba.

Da farko, suna ya faɗi abin da ke ciki. A shekarar 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sunan nan ya haɗa farashi da alkawari a numfashi guda, shi ya sa har yau ba a manta da shi ba. Haka kuma Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012: kalmar tana nufin abin da ya halatta, kuma ita ce manufar bankin baki ɗaya.

Na biyu, a yi hattara da sunan gida. Alhassan Dantata ya rasu a 1955, amma sunansa yana buɗe ƙofa har gobe, domin an san shi da riƙon amana. Sai dai wanda ya ɗora sunan mahaifinsa a kan shago ya jinginar da mutuncin zuriya duka. Ranar da aka ci bashi aka ƙi biya, mahaifin da ke kabari za a ambata. Saboda haka a nemi yardar 'yan'uwa, a kuma rubuta wane ne mai sunan, don kada rabon gado ya zama shari'a.

Na uku, ku auna sunan da bakin baƙo. Mai saye a Legas ko Fatakwal ya iya furta shi, kuma ya rubutu ba tare da ma'anarsa ta juye ba. Haruffanmu masu ƙugiya sukan ɓace a allo da takardun banki da intanet. Wanda ya sa wa shagonsa "Amfanin Ƙasa" yana iya wayar gari ya ga "Amfanin Kasa", alhali kasa maciji ce. Haka nan a guji buga sunayen Allah a ledar da za ta ƙare a juji.

Na huɗu, doka. Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, ita ke yi wa suna rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana fara bincike ne a ga ko wani ya riga ka. In sunan babu mai shi, a ajiye maka shi kwana 60. Hukumar ba ta karɓar sunan da ya yi kama da na wani har ya ruɗi jama'a, kuma kalmomin da ke nuna alaƙa da gwamnati sai da izini na musamman. Wanda ba shi da rajista ba zai buɗe asusun kamfani a banki ba, balle ya nemi kwangila. Ku sani kuma, rajistar suna daban take da rajistar tambarin kaya, wadda ake yi a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Kada a buga allo da rasit da buhuna kafin a samu amincewa, rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, duk wanda ya sa sunan garinmu a kan kasuwancinsa, ya tuna ba nasa ne shi kaɗai ba. Mudu ya cika, awo ya yi daidai, domin da shi za a auna mu duka.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.