JAWABI KAN GYARAN HANYAR ƘAUYUKAN GORO



Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, dattawa, shugabannin ƙungiya, fatake da direbobi, barkanku da zuwa.

An ba ni dama in yi magana a kan hanyar da muke bi daga nan Sabo Shagamu zuwa ƙauyukan da muke saro goro. Kowa ya san halin da take ciki. Da damina ta kankama, mota sai ta kwana a laka, goro ya sha zafi a cikin huhu, direba ya ƙara kuɗin ɗauka. Wannan asara daga aljihunmu take fita, mu da manoma.

Da farko mu san mai hanyar. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: na gwamnatin tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Tamu ta kashi na uku ce. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin gina irin waɗannan hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. Saboda haka ba Abuja za mu kai kuka ba. Mu fara daga kansila, sannan ciyaman. A 2024 ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, to wannan hujja ce a hannunmu.

Na ji wasu na cewa mu tara kuɗi mu zuba tifa-tifa ta jar ƙasa, shi ke nan. Jama'a, a yi hattara. Dattawa na tuna DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986. An share hanyoyin karkara da yawa, amma inda babu kulawa sai ruwa ya cinye su. Ruwa ne babban abokin gabar hanya. In babu kwalbati da lambatu, in ba a ɗaga tsakiyar hanya ruwa ya gangara gefe ba, jar ƙasar nan rafi za ta tafi, da kuɗinmu a ciki.

Ga shawarata, guda huɗu.

Na ɗaya, kada mu tafi mu kaɗai. Baƙi muke, shekaru aru-aru ko ba aru-aru ba, ƙasa ta masu ƙasa ce. Mu sami Baale na kowane ƙauye da ƙungiyoyin raya unguwa na Yarbawa, a rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, mu roƙi injiniyan sashen ayyuka ya zo ya auna tsawon hanyar, ya ƙidaya wuraren da ke bukatar kwalbati, ya ba mu kiyasi a rubuce.

Na uku, takardar ta isa kafin a haɗa kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Aikin da bai shiga kasafi ba, alkawarin baki ne kawai.

Na huɗu, namu kason. Ina ba da shawarar naira 200 a kan kowane huhu da aka ɗora a mota, tsawon kakar goro. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, har da wakilin manoma. A riƙa yanka rasit, kuma ma'aji ya karanta lissafi a taron kowane wata. Kuɗinmu ya tafi ga siminti da rodi na kwalbati. Gireda da jar ƙasa kuwa hukuma ta ɗauka. Ciyaman da ya ga mun zo da namu a hannu, ba zai kalle mu a matsayin maroƙa ba.

Batun lokaci kuma, a yi aikin da rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa ta zauna kafin ruwan Afrilu. Bayan an gama, samarinmu da na ƙauyuka su riƙa yashe lambatu duk farkon damina.

Ina roƙon a zaɓi 'yan kwamiti yau, kafin mu watse. Allah ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, ya yi wa kasuwa albarka.