Cimar Ɗalibin Jami'a Da Haɗarin Ƙiba

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani likita ya gabatar wa samari ɗaliban manyan makarantu a wajen wani zaman wayar da kai kan kiwon lafiya.

Bayan sallama da addu'ar buɗe zama, mai jawabin ya fara da cewa a al'adar Bahaushe idan saurayi ya dawo hutu daga jami'a ya yi kumatu, ya ajiye tumbi, sai a ce makaranta ta karɓe shi. Alhali sau da yawa wannan ƙiba ta abincin da ba ya gina jiki ce, kuma ita ce ke share wa ciwon suga da hawan jini hanya tun mutum bai kai shekara 40 ba.

Ya ce Amurkawa sun daɗe suna cewa ɗan aji ɗaya a jami'a yakan ƙara nauyin fam 15, wato kusan kilo 7, a shekararsa ta farko. Da masana suka bi diddigi sai suka ga an yi ƙari, amma maganar tana da tushe. A wani bincike da aka buga a 2004 a Jami'ar Cornell da ke Amurka, an auna sababbin ɗalibai 60, aka tarar kowannensu ya ƙara kimanin kilo 1.9 a tsakaitawa cikin makonni 12 na farko. Ya ce kilo 2 ba abin tsoro ba ne a ido, sai dai ɗabi'ar cin da ta kawo shi ita ce takan bi mutum har bayan ya gama karatu.

Daga nan sai ya dawo gida. Ya ce tun da aka janye tallafin ciyar da ɗalibai a jami'o'in gwamnatin tarayyar Nijeriya a tsakiyar shekarun 1980, kowane ɗalibi da cikinsa ya dogara ne ga aljihunsa. Shi ya sa ɗalibai suka ƙirƙiro lissafin nan na 0-0-1: ba karin kumallo, ba abincin rana, sai na dare. Ɗalibi ya yini da yunwa yana zirga-zirga tsakanin ɗakunan lacca, da sha ɗayan dare ya zauna a teburin mai shayi, a soya masa Indomie biyu da ƙwai, ya haɗa da burodi, ya kora da shayi mai kauri ko lemon kwalba, ya je ya kwanta. Wanda yunwa ta galabaitar ba ya zaɓen abinci, kuma ba ya sanin inda zai tsaya.

Mai jawabin ya yi bayanin yadda abin yake faruwa a jiki. Ya ce kuzarin da abinci ke bayarwa ana auna shi ne da kalori, kuma duk abin da ya shiga ciki wanda jiki bai ƙona ba, sai ya mayar da shi kitse ya adana. Giram ɗaya na shinkafa ko suga, in an cire ruwa, kalori 4 yake bayarwa, amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. To, sai kowa ya ƙirga cokali nawa ake tsiyaya wa garau-garau, ya kuma tuna cewa ita taliyar leda an riga an soya ta a mai tun daga masana'anta.

Game da abin sha, ya ce a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, in ma da hali ya tsaya a rabin haka. Robar Coca-Cola guda mai rabin lita tana ɗauke da kusan giram 53. Ke nan da roba ɗaya an ƙetare iyakar yini guda, ba a ƙirga na shayi da na zoɓo ba. Babbar illar kuwa ita ce suga a cikin ruwa ba ya ƙosarwa, mutum zai sha kuma ya ci abincinsa cif. Ya tunatar cewa a 2022 gwamnatin Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar irin waɗannan lemuka.

Kazalika ya kawo gwajin da Dokta Kevin Hall ya jagoranta a Amurka a 2019, inda aka killace mutum 20 na wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kimanin kalori 500 a kullum, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a sauran makonnin kuma suka rage kusan kilo ɗaya. Ya ce wannan ya nuna irin abincin shi ke ingiza hannu zuwa baki. Bugu da ƙari, raba dare ana karatu yana ƙara tayar da yunwa da kwaɗayin zaƙi.

To, mene ne mafita ga ɗalibin da ba shi da kuɗi? Ya ce mafita tana cikin cimarmu ta gida. Wake, ɗanwake, alale, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, dankali, fura da nono ba tare da an zabga suga ba, duk suna riƙe ciki. Ya shawarci 'yan ɗaki ɗaya su haɗa kuɗi su sayi kwanon wake su riƙa girki bi da bi, su rage mai, su raba abin da suke ci da dare gida biyu, rabi ya koma safe. Kuɗin lemo kuma a sayi lemon zaƙi ko kankana, a sha ruwa. Ya tunatar da ladabin da addini ya koyar na kada a cika ciki maƙil, a bar wa ruwa da numfashi wuri.

Ya kuma ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma wanda ke takawa daga ɗakin kwana zuwa aji da sauri maimakon hawa acaɓa zai cika wannan ba tare da kashe ko kwabo ba.

A ƙarshe ya koya wa mahalarta yadda za su auna kansu. Mai tsawon mita 1.70 idan ya haura kilo 72 nauyinsa ya fara yawa, idan ya kai kilo 87 ya shiga ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Wanda ba shi da sikeli ya sami zare ya auna tsawonsa, ya ninka zaren biyu ya zagaya cikinsa daidai cibiya. In zaren ya kasa haɗuwa, to lokacin gyara ya yi. Wanda kuma a gidansu akwai mai ciwon suga ko hawan jini, ya je asibitin makaranta a gwada shi tun da wuri.

Ya rufe da cewa iyaye sun tura 'ya'yansu ne su dawo da ilimin da al'umma za ta amfana da shi shekaru masu yawa, kuma jikin da zai ɗauki wannan nauyi amana ne a hannun mai shi. Daga nan aka amsa tambayoyi, aka yi addu'a aka tashi.