Wasiyyi: Wa Ke Naɗa Shi, Wa Ke Tsige Shi

Wasiyyi shi ne wanda mutum ya ɗora wa amanar al'amuransa tun yana raye, domin ya tsaya a kansu bayan rasuwarsa: ya biya masa bashi, ya karɓo wanda yake bin mutane, ya zartar da wasiyyarsa, ya kuma riƙe dukiyar ƙananan 'ya'yansa har su mallaki hankalin kansu. Naɗin ba ya mayar da dukiyar tasa. A ƙasar Haɗeja, inda abin da mamaci yakan bari shi ne gonar fadama ta shinkafa ko alkama, da shanu a hannun makiyayi, da kwalekwale da koma, wani lokaci da rumfa a kasuwar kifi, riƙon yakan ɗauki shekaru, kuma a cikin shekarun nan ne rigima ke tsiro.

Gadon Musulmi a Jigawa yana tafiya ne bisa mazhabar Malikiyya. Alƙalai suna komawa ga Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sanya wasiyya da gado da riƙon maraya cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Mai ikon naɗa wasiyyi a kan ƙananan yara shi ne ubansu, muddin shi kansa mai hankali ne da ya iya riƙon dukiya. Wasiyyin uba ma yana iya miƙa amanar ga wani idan ya ji ajali ya matso, sai fa in uban ya hana. Uwa tana naɗawa ne da sharaɗi uku: dukiyar kaɗan ce, daga wajenta yaran za su gaje ta, kuma ba su da uba ko wasiyyin uba. Kaka da baffa da babban wa ba su da wannan iko, kuma dangantaka kaɗai ba ta mayar da ɗayansu wasiyyi. A nan ne aka fi yin kuskure. Ana gama sadakar bakwai sai dangi su ce wane ne babba, a bar komai a hannunsa. Shekara biyu, uku, sai ga shi ya jinginar da gonar marayu, ko ya sayar da bijimi. Malamai sun yi sassauci ga mai riƙon yaro a kan ƙaramin abu, amma gonar fadama ba ƙaramin abu ba ce. Idan uba bai naɗa kowa ba, hanyar ita ce a je gaban alƙali ya naɗa muƙaddami, kuma ba abin da zai hana ya zaɓi baffan nan idan ya cancanta. Bambancin shi ne yanzu akwai wanda zai tambaye shi lissafi.

Ana naɗi da baki ko a rubuce, a gaban shaidu biyu adalai. Takardar da aka tsinta a akwati bayan rasuwa, ko da an tabbatar da rubutun hannun mamacin ne, ba a zartar da ita a Malikiyya idan bai sanya shaidu a kanta ba, bai kuma ce a zartar ba, domin mutum yakan rubuta abu ya sake shawara. Idan ya ce wane wasiyyina ne, bai ƙara komai ba, naɗin ya game duk al'amuransa. Idan ya keɓe, ya ce wannan ya biya bashi, wancan ya kula da yara, kowa ya tsaya inda aka ajiye shi.

Wanda za a naɗa dole ya zama Musulmi, baligi mai hankali, adali, mai iya aikin. Mace tana zama wasiyyiya, makaho ma haka, kuma uba yana iya naɗa matarsa a kan 'ya'yanta. Yawan kuɗi ko sarauta ba sa cikin sharuɗɗan. Wanda aka naɗa yana iya ƙi, yana kuma iya janyewa muddin mai wasiyyar na raye, kamar yadda shi ma mai wasiyyar yake iya sauya shi ko da yana kwance ciwon ajali. Amma wanda ya karɓa har mutumin ya rasu, ba shi da damar ajiyewa don kawai ya gaji. Idan mutum biyu aka naɗa tare, ɗaya ba ya saye ko sayarwa ba da sanin ɗan'uwansa ba, ba kuma su raba dukiyar kowa ya riƙe rabi. In ɗaya ya rasu ko suka saɓa, magana ta koma ga alƙali.

Aikin yana da tsari. Abin da ke jingine a hannun wani shi ake fara warwarewa, sai kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan rabon gado. Wasiyya ga magaji, ko abin da ya haura sulusi, ba ya tafiya sai sauran magada sun yarda. Wasiyyi ba ya sayar da kayan gado a bayan idon manyan magada, ba ya yanke wa wanda ke tafiya rabonsa ba tare da alƙali ba, kuma sayar da gida ko gonar maraya sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ciyarwa. An ƙi ya saya wa kansa daga dukiyar. In ya saya, alƙali zai bi cinikin ya duba.

Tsigewa kuwa aikin kotu ne. Bulama da dagaci da hakimi suna sulhu, kuma sau da yawa sulhun ya fi ƙara sauƙi da rufin asiri, amma ba su da ikon cire wasiyyi, haka ma taron dangi. Abin da ke tsige shi shi ne rasa sharaɗin da aka naɗa shi a kai: ya ci amana, fasiƙanci ya bayyana gare shi, ko hankalinsa ya gushe. Idan amintacce ne amma tsufa ko ciwo ya raunana shi, alƙali yana iya haɗa shi da wani. Shari'a ta ɗauke shi amintacce tun farko, don haka mai ƙara ne zai kawo hujja: wace gona, buhu nawa, wa ya saya, a gaban wa. Zargi da ƙiyayyar 'yan uba ba hujja ba ne.

Asara ma iri biyu ce. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonakin shinkafa masu yawa a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri. Wasiyyin da ruwa ya tafi da amfanin gonar marayu a hannunsa ba ya biya. Wanda ya zuba kuɗinsu a fataucin kansa suka narke, ko ya bar ciyawar kachala ta rufe gonar don sakaci, lamuni na kansa, kuma tsige shi ba ya yafe masa abin da ya ci. Wanda bai gamsu da hukuncin kotun Shari'a ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse.

Kuɗin banki da haƙƙoƙin ma'aikaci suna da ƙarin mataki. Sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin ɗan'uwa mafi kusa bai sa mai sunan ya zama wasiyyi ba, balle ya cinye kuɗin shi kaɗai. Bankuna sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun Jiha ke bayarwa, kuma abin da aka karɓo da ita yana komawa cikin gado ne a raba.

Riƙo yana ƙarewa idan yaro ya balaga kuma aka ga ya iya sarrafa dukiya. Balaga kaɗai ba ta isa ba. A kan abin da wasiyyi ya kashe wajen ci da sutura, ana karɓar maganarsa da rantsuwa idan yaran a hannunsa suke kuma adadin bai wuce hankali ba. Amma idan ya ce ya miƙa dukiyar, yaron ya musa, ba a karɓar maganarsa sai ya kawo shaidun da aka miƙa a gabansu.